Abin da Inna Ta Faɗa wa Jar Akuya

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bin labarina. Na san na ɓace muku kwana tara. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allah ɗin nan ta Malbaza da ta rubuto tana tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. Ba a ɗaura ba, hajiyata. Amma abin da ya faru ya fi ɗaurin aure tara jama'a. Ku gyara zama.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Ummul-Khairi, shekarata ashirin da uku, kuma ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Ku riƙe wannan da kyau, don duk rigimar a kansa take. A garinmu Bazaga mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta hira da shi, ba ta sa baki a zancensa, in aka ɗauko maganarsa sai ta duƙufa tsintar tsakuwa a cikin wake. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son in miƙo mata ludayi, bango take duba ta ce, "Waccan ba ta ga ludayi nike nema ba?" Ƙannena huɗu kuwa sunayensu take rangaɗawa tun daga bakin rijiya.

Ana yaye ni Goggo Basira, yayar Babana, ta goya ni sai Konni. Ita ta raine ni, ita ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, yanzu tare muke zama a shagonta na atamfa. Goggo mace ce mai jiki, mai haƙorin Makka, mai murya. In ta ce "salamu alaikum" a farkon layi, na ƙarshen layi ne ke amsawa. Ina son ta kamar raina. Matsalarmu ɗaya: ta riga ta zaɓa min miji a zuciyarta, wato Tanimun, direban babbar motar siminti a Malbaza. Wallahi yaron kirki ne. Sai dai in ya zo zance cikin shaddarsa mai sheƙi, da sauran farin siminti a bayan kunne, daga gaisuwa sai labarin taya. Taya ta fashe a Dogarawa, taya ta yi tsada, tayar bana ba ta kai ta bara ba. Rannan har na san lambar tayar baya.

Ni kuwa zuciyata tana wajen Imrana. Ɗan Illela ne, ta hanyar Tawa, ba ta tsallaken iyaka ba. Ya yi karatun haɗa fim a Yamai. Siriri ne, yana sa wata 'yar riga mai aljihu goma sha biyu, da wando wanda Goggo ke cewa da shi a ciki aka ɗinka. Ya shigo shagonmu ne yana neman tsohon zane na saƙi don fim ɗinsa, na ce masa nan sai atamfa, amma in tsofaffin kaya yake nema ya je garin Babana. Daga kwatancen hanya aka koma karɓar lamba. Ku kun san sauran.

Ba wanda ya ce zai min dole. Amma a gidanmu magabatan saurayi ba sa zuwa sai wadda ta yi goyo ta ce su zo. Baba ya ce shi ba ya tsallake yayarsa. Goggo kuwa ta samu wata dabara. Ranar sunan ɗan ƙanen Baba, tsakar gida cike da mata, ta dafa ƙirji ta ce:

"Ni ban hana kowa ba! Ga uwatta nan zaune. In ta buɗe baki tac ce ga wanda take so ma yarinyar nan, ni Basira na janye, Allah shaida, ku ma shaida!"

Mata suka kwashe da dariya, don kowa ya san ba za a yi ba. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tambayi maƙwabciyarta ko an ga murfin tukunyarta. Ni na shige ɗaki na yi kuka har kwallina ya gangaro haɓa. Na tura wa Imrana saƙo:

"Shi ke nan, an rufe ƙofa an jefa makulli rijiya."

Ya amso: "Kar ki yi kuka, hasken idona. Zan zo Bazaga ɗaukar fim ran Talata. In suka ga aikina za su san ni mutum ne."

Na ce a raina, bawan Allah, ba ka san Goggo ba.

Fim ɗin nasa a kan al'adun da ke gushewa ne, yadda ƙauye ke canzawa. Ran Talata na riga shi isa, na ci ado da atamfata ruwan ganye mai zanen tsuntsaye, na ɗaura ɗankwali har sau huɗu kafin ya zauna. Kaka ce, damman hatsi jibge a ƙofar kowane rumbu. Imrana ya iso bisa babur ɗin kabu-kabu, rungume da na'urarsa kamar jariri. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya gaida Baba.

Babana, Malam Abarshi, ya kwana da shiri. Ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya goge faifan sola da ke bisa rufin ɗaki, ya jero wayoyinsa biyu da rediyo a kan tabarma.

Imrana ya sosa ƙeya. "Baba, da za a ɗan kawar da wayoyin nan. Kuma da za ka sa rigar gona, ka riƙe kalme. So nake a ga asalin rayuwar da."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Kai yaro, shekara uku ina tara wake kafin in sai solar nan. Yanzu ka ce in ɓoye ta, mutanen Yamai su ce Abarshi cikin duhu shike kwana?"

"A'a Baba, al'ada ce muke so mu adana."

"To adana ta gidanku. Ni ɗauke ni ina buga waya."

Haka aka yi. Aka ɗauki Baba minti goma yana magana cikin wayar da ba kowa a ciki, yana ba da umarnin a loda buhu ɗari. Ni ina bayan rumbu, na toshe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba. Da aka zo kan daka, ƙannena mata suka ce su rabon su da taɓarya tun da aka kawo injin niƙa, sai da aka je aka aro turmi a gidan tsoho Barmo, aka tarar kaza ta yi ƙwai a ciki.

Sai aka zo kan Inna. Imrana ya ba ƙanwata wani ɗan baƙin abu kamar ƙwaron gyaɗa, mai ɗaukar murya, ta maƙala mata a bakin mayafi. Inna ta zauna a kujerar tsugunno, ta haɗe gwiwa, tana kallon ƙasa. Ta yi bayanin yadda ake dama fura, yadda ake yaɓen rumbu, duk lafiya lau. Sai na ji ya ce:

"Inna, 'ya'ya nawa Allah ya ba ki?"

"Biyar."

"Su wa da wa?"

Ashe da niyyarsa ya zo, so yake ta faɗi sunana. Inna ta lissafa: "Sadisu, Nabila, Yasmin, Yusha'u."

"Huɗu ke nan, Inna. Na biyar fa?"

Kaza ta wuce. Inna ta miƙe tsam, ta kakkaɓe zane, ta ce da iska, "Wanga yaro ba shi da aikin yi?" Ta nufi bayan gida wajen garken awaki.

Imrana ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai jakin Baba, wanda tun ɗazu yake shinshinar ƙafafun na'urar, ya sa kai ya ture ta. Imrana ya yi tsalle ya cafe na'urar, ya fizge abin sauraren da ke kunnensa ya yar, jaki kuma ya ɗauki jakar wayoyinsa a baki ya fita da gudu. Jama'a, ku zo ku ga ɗan Yamai cikin matsattsen wando yana bin jaki tsakanin rumbuna yana cewa, "Don Allah tsaya!" Da jaki yake don Allah! Na yi dariya har na zauna a ƙasa, ɗankwalin da na sha wahalar ɗaurawa ya faɗo. Sai can da yamma aka tuna da baƙin abin da ke mayafin Inna, aka ciro shi.

Bayan sati uku Imrana ya ce fim ya haɗu, za a fara nuna wa mutanen Bazaga kafin kowa. Abokinsa Rabo ne ya yi haɗin a Yamai. Rabo haifaffen birni ne, bai taɓa kwana a ƙauye ba, bai san kunyar ɗan fari ba balle ya san nauyinta. Da safiyar Asabar ɗin saƙon Imrana ya shigo:

"Rabo ya turo sabon haɗi, ya ce ya ƙara wani abu mai daɗi a ƙarshe. Reson intanet ya wahalar da ni, yanzu ya gama sauka."

"Ka kalla?" na tambaya.

"Na kalli farkon. Lafiya lau. Ki sa koren nan."

Na sa koren. Da na san abin da ke ƙarshen nan, da baƙi na sa.

Bayan azahar aka taru a babban ajin lakwal. An toshe tagogi da tabarmi da buhunan hatsi, an rataya farin zanen gado a jikin allo, janareto na ta ƙugi a waje. Maza a gaba bisa bencin yara, gwiwoyinsu har ƙirji. Mata a baya. Goggo ta zo tun daga Konni cikin leshi ruwan goro, ta ce ta zo ta ga "wasan yaran" da idonta, ta zauna a kujerar malamin aji ita kaɗai tana fifita da faifai. Inna na can ƙurya, kusa da ƙofa.

Ba zan ɓoye muku ba, fim ɗin ya yi kyau. Ban taɓa sanin garinmu na da kyau haka ba. Ya nuna rumbunanmu da hantsi, ya nuna amalanken jaki na tafe da jarkoki, mai amalanken na latsa waya. Ya nuna tsofaffi na jan guga, ga famfon sola can gefe yara mata na layi. Mutane ba su bar shi ya yi magana ba.

"Ga Illo! Illo, ashe haka ƙeyarka take?"

"Kai, wancan ragon nawa ne, wa ya ba shi izini?"

Da Baba ya fito yana lodin buhu ɗari, aji ya ɗauki sowa. Wani ya ce, "Malam Abarshi, ina motar ta tsaya?" Baba ya gyara hula ya ce tana hanya.

Sai ga tsoho Barmo ya cika zanen gado, yana cewa tun da injin niƙa ya shigo gari fura ta daina daɗi, matan yanzu sun lalace, albarka tana cikin turmi. Daga bayan aji matarsa ta ɗaga murya: "Kai ka taɓa riƙa taɓarya, Barmo? Shekara arba'in kafaɗata na ciwo kana kwance kana jiran albarka!" Mata suka yi guɗa. Barmo na gaske ya juyo yana cewa ba da ita yake ba, Barmo na jikin zane kuma yana ta ci gaba da zagin inji. Maza suka rabu biyu, masu turmi da masu inji, har sai da mai gari ya buga sanda.

Na saci kallon Goggo. Tana dariya har haƙorin Makka na walƙiya. Na ce alhamdu lillahi, yau Imrana ya shiga.

Sai ƙarshe ya zo. Hoto ya koma kan gonar hatsi da aka girbe, rana na sauka, ba kowa. Sai aka ji kukan akuya. Sai aka ji murya, kusa sosai, kamar a kunnenka take magana.

"Ke Ja, matsa can, kin taka min zane."

Muryar Inna ce. Na ga Imrana ya ɗago kai da sauri.

"Kin ji wanga yaro? Wai in faɗi sunanta gaban na'ura. Ni? Sun ɗauka ubanta ya zaɓi sunan. Ni na zaɓa, tun tana ciki. Na ce mishi in mace ce, Ummul-Khairi." Aka ji ƙarar dusa na zuba a kwano. "Ummul-Khairi. Ci abincinki, mi kike kallona?"

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Shekara ashirin da uku. Na sha jin sunana a bakin malamai, a bakin masu sayen atamfa, a bakin Imrana da yake ja masa wutsiya. Ban taɓa jin an faɗe shi a hankali haka ba, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Imrana ya yi tsalle zai kashe, ya yi tuntuɓe da ƙafar wani, ya faɗa kan bencin su Illo. Muryar Inna kuwa ba ta jira shi ba.

"Yaya Basira na ta haƙilo kan mai siminti. Shi ba shi da laifi. Amma ran da yaz zo gaisuwa, awa guda shina ba ni labarin taya, yarinya na zaune kamar an kai ta ta'aziyya. Wanga kau ramamme, wando kamar na aro, ko jaki bai iya kamawa. Amma kin ji dariyar da ta yi yanzu? Rabona da jin wagga dariya tun tana bayana, kafin a ɗauke ta. Shi nike so mata, Ja. In kika gaya ma Yaya Basira, kasuwar Konni za ki kwana."

Akuya ta ce, "Meee." Fim ya ƙare. Sunan Imrana ya fito da manyan baƙaƙe.

Na waiga ƙurya. Inna ba ta nan, sai takalminta ƙafa ɗaya a bakin ƙofa.

Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu, an tsiraita Maryama." Wasu matan na share ido, wasu na toshe dariya. Imrana ya tashi daga ƙasa, fuskarsa kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ni kuka nake, ban san na daɗi ba ne ko na tsoro. Don na san abin da ya yi ba ƙarami ba ne: ya ɗauki abin da mace ta ɓoye shekara ashirin da uku ya rataya a zanen gado gaban surukanta da mai gari.

Baba ya yi gyaran murya, bai juyo ba. "Yaya, kamar na tuna ran suna kin yi wata magana."

Goggo ta miƙe, kujera ta faɗi. "Wace magana? Na ce in ta buɗe baki ta gaya ma mutane! Akuya ta gaya mawa! Akuya mutum ce? Akuya na shaida?"

Barmo, da yake neman inda zai huce, ya ce, "Gaskiyar Basira. Ko gaban alƙali ba a kai akuya."

Matarsa ta ce, "Kai dai yi shiru, na turmi."

Goggo ta yafa mayafi. "Ku taso! Gaban idona za ta faɗa, in ta isa." Ta fita kamar motar Tanimun, mu kuma muka bi ta: Baba, ni da takalmin Inna a hannu, Imrana, da rabin matan Bazaga waɗanda kowace ta tuna tana da saƙo a gidanmu.

Muka tarar da Inna inda kuke zato. Tana tsugunne a garke, ta ba mu baya, tana cire wa jar akuya ƙaya a kunne. Imrana ya tuɓe takalmi, ya durƙusa cikin kashin awaki da wandon nan nasa, har na ji ɗinkin ya yi ƙara.

"Inna, na yi laifi. Wallahi ban san ya ɗauka ba, ban kuma san an sa ba, amma laifina ne da ban duba ba. Tun farko ma bai kamata in yi miki tambayar nan ba. In kin ce in goge fim ɗin gaba ɗaya, yanzu zan goge."

Wata takwas yana aikin fim ɗin nan. Na dube shi, na ga da gaske yake. A nan na ƙara son sa, duk da kashin awakin.

Inna ba ta juyo ba. Goggo ta riƙe ƙugu. "Maryama, bar kunnen dabbar nan ki dube ni. Abin da munka ji, maganarki ce ko ba taki ba? In taki ce, maimaita ta nan gaban mutane."

Na san ba za ta iya ba. Na kuma san in ba ta yi ba, shi ke nan, Goggo ta samu mafita. Na matse takalmin nan a ƙirji ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Inna ta juyo a hankali. Ba ta dube ni ba, ko kusa. Goggo ta duba.

"Yaya, ke kika goya. Ke kika yi jinyar ƙyanda, ke kika kai lakwal. Ɗiyarki ce, ni ba ni da ta cewa." Ta shafa wuyan akuya. "Ni da akuyata muke hirarmu. Sai dai wagga akuya, tun da nike da ita, ban taɓa yi mata ƙarya ba."

Wata daga baya ta ce, "Allahu akbar."

Goggo ta saki ƙugu. Ashe abin da take son ji ke nan tun farko, a faɗa gaban mutane cewa ita ta yi wahala. Ta ja majina, ta goge ido da gefen leshi, ta ce hayaƙin murhun wa ke shigar mata ido, alhali ba a hura wuta ba. Sannan ta juya kan Imrana.

"Kai mai jaki. Tashi, ka ɓata min gaban mutane da durƙuso. Ka gaya ma magabatanka Juma'a mai zuwa, bayan an sauko masallaci, gidana na Konni. Kuma in ka sake ka biyo su cikin wanga wando, daga zaure za ku koma."

Guɗa ta tashi har awaki suka firgita. Baba ya zaro waya, wannan karon da mutum a ciki, ya fara kiran dangi. Inna ta sunkuya ta ce wa akuya, "Ja, gaya ma yaron nan shi bar fim nai, amma shi cire muryata." Imrana ya amsa wa akuyar da ladabi: "To, za a cire." Ni kuwa na raɓa kusa da shi na ce ƙasa-ƙasa, "Kafin ka cire, turo min." Yana wayata yanzu. Ba zan gaya muku sau nawa na saurara ba, za ku ce na zare.

Da jama'a suka watse na ajiye wa Inna takalminta a bakin ɗaki, na zauna a gindin rumbu, idona a kumbure. Na zaci ko yau za ta kira ni, tun da dai gari duk ya ji. Ta fito, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Can ta dawo da ƙwaryar fura mai sanyi, ta dire nesa da ni kaɗan, ta dubi bango ta ce, "Waccan ta sha kuka tun ɗazu, ba mai ba ta abin jiƙa maƙoshi?"

Na sha furar nan har na suɗe ludayi. Ban taɓa jin "waccan" ta yi min daɗi haka ba.

Tanimun, Allah ya saka masa, da labari ya kai masa ya kira ni ya ce ba komai, haka Allah ya so, ya kuma ce in za a kai kayana Illela motarsa na nan, ya sa mata sababbin tayoyi.

To, da na so in rufe a nan in ce muku komai ya daidaita. Amma jiya Laraba na dawo daga shago, na shigo gidanmu na Konni, gidan da ko kaza Goggo ba ta yarda a kiwata saboda furanninta, sai na ji "meee." Wata baƙar akuya ce ɗaure a jikin famfo, tana cin ganyen furen da Goggo ta fi so. Goggo na zaune gabanta a kujera, ta ci kwalliya da sabon leshi da sarƙar gwal, ta fesa turare.

"Goggo, wannan fa?"

"Saye na yi. Kira min yaron nan, shi zo gobe da safe da na'urarshi da baƙin abin nan na maƙalawa."

"Gobe Alhamis, Goggo. Jibi magabatansa za su zo."

"Na sani. Shi ya sa." Ta gyara sarƙa, ta dubi akuyar ido cikin ido. "Shekara ashirin da ɗaya ina goyon yarinya, a ce uwatta kaɗai ta shiga sinima? Ni ma ina da abin da za ni gaya ma akuya. Kan shi, da kan danginshi, da kan wandonshi. Kuma ki gaya mishi, nawa ba a cirewa."